Sunan Ƙauyenmu da Ƙarfe

Ni mai walda ne. Ban yi makaranta ba. Ɗan karatun da na iya a majami'a na tsince shi, daga littafin waƙoƙi, bayan na yi gemu.

Shekarar da aka ƙone ƙauyenmu mun yi wata bakwai a Kafanchan, a ɗakunan 'yan'uwa. Da muka koma, allon da ke mararraba mai ɗauke da sunan ƙauyen babu shi. Na kwano ne, an tumɓuke. 'Yan acaba suna wucewa da fasinja, suna cewa ai babu kowa a can ciki. Da kunnena na ji.

Bayan sujada dattawan ikilisiya suka zauna kan a yi sabon allo. Shugabansu tsohon malamin makaranta ne, Baba Hedimasta muke ce masa. Na tashi na ce ni zan yi, da ƙarfe. Suka ce in kawo su gani.

Na koma Kafanchan, shagon da ake buga katin aure da takardun jana'iza. Matar da ke kan kwamfuta ta rubuta sunan ƙauyen, ta riƙa sauya masa kama. Yawancin rubutun tsaye yake, kowane harafi shi kaɗai. Irin wannan sai an yanka rodi gunduwa-gunduwa an liƙa, kuma guduma ɗaya ta isa ta ɓalle harafi. Can ta kawo wani. Ya ɗan kishingiɗa zuwa dama. Inda layin ya gangaro yana da kauri, inda ya hau siriri ne, wutsiyar kowane harafi ta kama na gabansa. Harafin farko ya nannaɗe kamar yaɗon doya a jikin sanda. Na bi sunan da yatsa a kan gilashin kwamfutar daga farko har ƙarshe, sau ɗaya kawai na ɗaga.

Na ce, "Wannan."

Ta yi dariya. "Baba, na katin aure ne fa. Mama ta san za ka yi sabuwar amarya?"

Na ce mata Mama tana cikin waɗanda muka binne. Ta daina dariya. Ta buga mini shi babba, takarda shida a manne, tsawon ƙofa.

Na shimfiɗa takardar a ƙasa, na bi layin da alli a kan faifan ƙarfe. Na gasa rodi har ya yi ja, ina lanƙwasawa a hankali. Sau biyu ya karye a ƙaramar kwana, don na yi gaggawa. Wurin kauri na haɗa rodi biyu na cike tsakaninsu da walda. Wurin sirantaka na goge har ya rage kamar kara. Babban harafin farko a takarda bai taɓa sauran ba, sai na ja wutsiyarsa ta ƙasa, ta bi sunan duka ta tallafe shi. Kwana goma sha ɗaya na yi. Na shafa baƙin fenti.

Ranar Lahadi na jingine shi a bangon majami'a. Matan zumunta suka taru suna shafawa. Baba Hedimasta ya sa tabarau ya daɗe yana kallo.

Ya ce, "Ɗana, aiki ya yi kyau. Amma wannan ado ne. Mai babur a guje ba zai karanta ba."

Na ce, "To ya rage gudu, Baba."

Aka yi dariya. Shi bai yi ba. Ya ce masu makoki ba sa kwalliya. Ya ce waɗanda suka zo mana da wuta suna bin hanyar nan har yanzu, idan suka ga wannan za su ce mun yi ƙiba. Gara ƙaramin allo, fari, wanda ba ya jan ido.

Na ce lokacin da suka zo, allon kwano gare mu, mai tsatsa. Bai hana su ba.

Aka ɗaga hannu. Allona bai ci ba. Ban zage su ba, kowa a cikinsu ya binne wani.

Gonar cittar da na gada daga ubana tana bakin mararrabar. Washegari na haƙa rami biyu a cikinta, taku uku daga hanya, na kafa turaku, na zuba siminti, na liƙa sunan a sama inda sai an ɗaga kai.

Da la'asar Baba Hedimasta ya zo da dattawa biyu. Ya ce ikilisiya ta yanke magana. Na ce ta yanke a kan ƙasar ikilisiya, nan gonata ce. Ya ce idan wani abu ya faru, a kaina yake. Na ce na ɗauka. Na ciro zarton ƙarfe daga buhu na miƙa masa.

"Idan za a sauke, Baba, kai za ka sauke da hannunka. Ni ba zan taɓa ba."

Ya riƙe zarton. Muna tsaye sai ga ɗan acaba da wata tsohuwa a baya, da ƙunshin kaya a cinya. Ya wuce, ya taka birki, ya dawo. Ya ɗaga kai yana haɗa haruffan da baki, ɗaya bayan ɗaya.

Ya ce, "Ashe da mutane a ciki?"

Baba Hedimasta ne ya amsa. "Da mutane. Bi nan, ka yi hankali da gada."

Ya ajiye zarton a kan kunya, suka tafi. Na ɗebo ruwa na yayyafa wa simintin don kada ya tsage.