Ƙurar da Yaya Mariyama Take Kawowa Gida

Shekara biyar ke nan da rasuwar yayata Mariyama, amma idan aka tambaye ni yaushe na fara rasa ta, ba ranar jana'iza nake tunawa ba. Wata la'asar ce a ɗakinmu na haya kusa da Dogarawa. Muna salla tare, na miƙe raka'a ta biyu, ita ba ta miƙe ba. A zaune ta ƙarasa. Da muka sallame na ce, "Yaya, ƙahwa ce?" Ta ce, "Ke dai naɗe tabarma, Auta." Tana haki kamar wadda ta jawo guga daga rijiya mai zurfi, alhali ba ta ɗaga komai ba. Ba ta daɗe da wuce shekara talatin ba.

Injiniya ce a wani kamfani da ke fasa dutse yana yin tsakuwar hanya. Kamfanin ya gama kwangilarsa ya kwashe injinansa tuntuni, don haka ba ina rubutun nan don a kama kowa ba ne. A Yamai ta yi karatu, aji ɗaya da wani Isufu, tare kuma aka ɗauke su aiki. Mahaifinmu ya riga ya rasu. Ita ke ciyar da Inna a Konni, ita ke riƙe da ni ina kwaleji.

Ta daɗe tana zaton albashinsu ɗaya. Sai ƙarshen shekararsu ta farko, da aka ce mota za ta kai injiniyoyi Yamai a ɗauki hoton ƙirjinsu saboda ƙura. Ta haɗa ƴar jakarta ta fito, direba ya ce ba a ce masa da ita ba. Isufu ne, da kunya ta ishe shi, ya ja ta gefe ya faɗa mata abin da yake karɓa. Bambancin kaɗai zai biya hayarmu da abincinmu ya yi saura. Ashe shi injiniya aka ɗauke shi, ita kuma mataimakiya, duk da wurin aiki ɗaya suke tsayawa, kuma idan injin ya cije wanda ke kusa a cikinsu ake kira.

Ta je buro, ofishin kamfanin, ta samu shugaban wurin. Ya ce, "Madmazel, shi yana da mata da ɗiya. Ke gobe wani zai ɗauke ki ya ciyar da ke." Ta ce, "To, kahin goben ta zo, wa ke ciyar da uwata?" Ya yi dariya ya ce bakinta ya fi injin kaifi. Ta koma sau da yawa a shekarun da suka biyo. Isufu ma ya taɓa raka ta, aka ce masa idan nasa ya yi masa yawa ana iya rage masa. Bai sake ba.

Mutane idan suka ji ana maganar bambancin albashi, kuɗin cefane suke tunawa. Ni abin da na gani daban ne. Matsayin Isufu ya zo da gida nesa da injin, ta gefen da iska ba ta kai ƙura. Ya zo da mota mai gilashi, da madarar gwangwani da ake raba wa manya wai tana wanke ƙirji, da mai wanki na kamfani. Yaya kuwa ɗaki mai araha ta kama inda ƙurar ke sauka, babur ɗin kabu-kabu take hawa a bayan manyan motocin tsakuwa, kayan aikinta kuma gida take kawo su.

Ni ke wanke su. Kafin a sa su a ruwa sai an kakkaɓe, in ba haka ba ruwan ya koma kunu. Da farko a tsakar gida nake yi, sai maƙwabciyarmu Gwaggo Tani, mai shanya tumatur da kuɓewa tana sayarwa, ta ce, "Ke ɗiyar nan, so kike masu saye su tauna tsakuwa cikin miya?" Gaskiyarta ce. Na koma kakkaɓewa a cikin ɗaki, in turo ƙofa don kada ƙurar ta fita. Haka na yi ta yi tsawon zamana a kwaleji. Har wasa nake, in rubuta sunana da yatsa a kan akwati bayan ƙurar ta lafa.

An fara ba ta maganin tarin fuka, bai yi komai ba. A Tawa wani likita ya ɗaga hoton ƙirjinta ya ce ƙurar dutse ce ta daskare a huhu, ba a fitar da ita, da an gani da wuri da an janye ta daga wurin injin. Na bar lakwal, wato makaranta, na yi jinyarta a ɗakin Inna har Allah ya karɓi abinsa. Isufu ya zo gaisuwa ya yi kuka kamar yaro. Yana nan da ransa da lafiyarsa, ban kuma taɓa jin haushinsa ba. Shi an duba shi kowace shekara, abin da ya kamata a yi wa kowa ke nan.

Ina yawan tunanin me za ta ce da ta ga yau. Hanyar da ta zuba wa tsakuwa tana ɗaukar buhunan albasa zuwa iyaka. Salula ta zo, har Inna tana da ita. Ƴan mata daga Konni da Illela suna shiga karatun injiniya, ba a ma juyowa a kalle su. Na san za ta ji daɗi. Amma bana ɗiyar wani kawunmu ta gama, ta samu aiki wajen masu haƙa rijiyar burtsatse, kuma da ta tambayi dalilin da aka sa ta ƙasa da abokin karatunta, aka ce mata ai shi magidanci ne. Ban iya yin fushi ba da ta ba ni labari. Gajiya kawai na ji.

Tun daminar da ta wuce nake tari. Ban faɗa wa kowa abin da nake tsoro ba. Ina da ɗiya da ba ta fara tafiya ba, idan ina goya ta sai in tsaya in saurari numfashina, in ji ko ya fara gajarta. Na daina hawa tudun kasuwa don kada in san amsar. Mijina Sale, direban layin Konni zuwa Illela, ya haƙura har ya gaji. Ya ce, "Hadiza, wannan tari naki ya hi ƙarhin citta da zuma. Ko ki shiga mota da ƙahwarki, ko in ɗora ki bisa da buhuna."

Makon jiya ya kai ni asibiti. Mace ce ta ɗauki hoton ƙirjina, ita da wani namiji suke aiki a ɗakin. Na faɗa mata komai, har rufe ƙofar da nake yi in kakkaɓe kayan Yaya. Wajen azahar ta fito tare da likita, ya ce huhuna fes yake, hayaƙin murhu ne ya dame ni, in fitar da girki fili.

Sale ya yi ta hamdala. Ni kuwa ban san lokacin da na kama gefen rigar matar nan ba. Na nuna abokin aikinta da haɓa na ce, "Yaya, don Allah, ke da shi ɗaya ake biyan ku?"

Ta dube ni, ta dubi inda yake. Ta ce, "Ke, yanzu aka ce kin tsira, har kin hwara neman rigima?" Ta sa mini hoton a hannu. Ba ta ce ɗaya ne ba.

Allah ya jiƙan Mariyama, ya sa ta huta.