Hukumar Ruwa

Yaran gidan ne suka laƙaba mata Hukumar Ruwa, har sunan ya bi ta shagon ɗinkinta. Tun da ƙodojin maigidanta suka tsaya aka fara yi masa wankin ƙoda, likitoci suka ce ruwa sai kaɗan, in ya yi yawa zai taru masa a ƙirji. Ita ta ɗauki aikin. Ta sa wa firij kwaɗo, ta kwashe kofuna daga ɗakinsa, ko baki zai kuskure tana tsaye a kansa kada ya haɗiye. Ya roƙe ta, ya yi fushi, akwai ranar da ya ce mata marar imani. Ta shanye. Shekaru aka yi a haka, dare a kansa, rana a kan keken ɗinki, har ta manta rabonta da barci mai daɗi.

Sai babbar 'yarsu ta ba shi ƙoda. Aka kwantar da uba a ɗaki guda, 'ya a na kusa da shi, uwa tana zarya tsakani da takunkumi a fuska, ƙafafu a kumbure.

Da aka cire masa ƙarin ruwa, likita ya ce yanzu fa ya sha sosai, sabuwar ƙoda ba ta son ƙishi. Ta ji da kunnenta, har da gyaɗa kai. Amma hannu bai ji ba. Duk gorar da aka ajiye masa, in ta zo gyara gado sai ta tura ta cikin loka, wallahi ba ta ma san ta yi ba. Shi kuma bawan Allah an riga an hore shi, ba ya tambaya.

Da yamma nas ta ɗaga jakar fitsari ta ga abin bai taka kara ya karya ba. Ta buɗe loka, ga gorori cike, a jere. Ta wanke matar tas, ta ce in aka ci gaba a haka ƙodar za ta iya tsayawa, a koma gidan jiya. Ita matar ba ta da ƙarfin ba da haƙuri ma. Kunya da tsoro suka rufe ta, ga gajiya har cikin ƙashi.

Ta cika kofi har baki ta miƙa masa. Ya kurɓa sau biyu ya miƙo mata, yana kallonta kamar yaron da aka kama.

"Ya isa haka, ko?"

"Malam, yarinyar nan tana can da ciki a ɗinke, ko tari ba ta iya yi," ta ce. "Ba kai nake shayarwa ba. Shanye."

Ya kafa kai. Ita kuwa ta juya fuskarta bango, don har yanzu ba ta iya kallonsa yana sha.