Goshin Inna

Bayan Inna, mahaifiyata, duwatsu ne suka cinye shi. Tana da ƙuruciyarta, ita da matan ƙauyenmu na wajen Keita suka yi shekaru suna ɗibar dutse a ka, suna jera shi a gindin tudu don ya tare ruwan sama. Gonaki sun farfaɗo, ita kuwa ta lanƙwashe. Yau ko ruku'u ba ta iyawa, balle sujada. A kan kujerar roba take salla, tana ɗan sunkuyar da kai, kuma wallahi ta tsani kujerar nan.

Ƙanena, da ke aikin jinya a likitar Madawa, wato asibitin garin, shi ya zo mana da labarin. Uban surutu ne, ba ya ganin abu a waya ya yi shiru. Wai a can ƙasashen Turawa ana gwada wani magani mai bin jiki yana share tsofaffin ƙwayoyin halitta, waɗanda suka daina aiki suka zauna suna hura ciwo a ƙashin baya. Na yi ta harararsa, bai gani ba. Sai daga ƙarshe ya ce ai a jikin ɓeraye aka ga amfaninsa tukuna. Inna ba ta riƙe wannan ba.

Tun daga ranar, duk zuwan da zan yi gida, kafin in sauke jaka sai ta ce, "Ɗiyata, ya iso?" In ce bai iso ba. Ta daina zuwa wurin mai tausa, ta ture ƙwayoyin farmasi, wai me za ta yi da su tunda na gaskiya yana hanya. Ciwon ya ƙaru. Raina ya ɓaci ƙwarai, har na yi wa ƙanen nawa tatas a waya.

Ranar wata Juma'a na zaunar da ita na faɗa mata dalla-dalla: babu shi a Madawa, babu shi a Yamai, mutane ma ba a fara ba su sosai ba, kuma mai yiwuwa ba za ta riske shi ba.

Ta daɗe tana kallon tabarmar sallarta da ke naɗe a jikin bango.

"Ni ba gudu nika son yi ba," in ji ta. "Goshina nika son azawa ƙasa, ko sau guda, kafin a aza ni. Ki ce musu su gwada gare ni. Ɓera salla shikai?"