Sabon Aksil da Hannun Yaya

Motar maigidana tsohuwar a-kori-kura ce mai jan ƙafa huɗu. A shekarun nan da wayar salula ta fara shiga hannun irinmu, muna zaune a Samaru, ni ina koyarwa a firamare, shi kuma yana noma a wani fili can bayan Bomo, inda hanya take ratsa fadama. Da rani motar ba ta da laifi. Amma da damina, in an labta mata kaya ta shiga taɓo, sai ta karya ƙarfen da ke juya tayar baya. Ya canza shi har ya gaji. A sahun farko na kwasar masarar wannan shekara ta sake karyawa, kuma da ɓarna, don har hob ɗin ya tsage, wato cibiyar da ake ɗaure taya a jikinta. Da tarakta aka jawo ta.

Yayana bakanike ne, garejinsa na Sabon Gari, ta wajen Unguwar Gabas. Da ya duba sai ya ce faci ya ƙare. Aksil ɗin motar, wato manyan ƙarafan da ke ɗauke da tayoyi, na gaba da na baya, sun yi wa aikin da ake sa ta ƙanƙanta. Ya ce ya ga na wata babbar mota da ta mutu a wurin masu sayar da kayan gyara kusa da PZ, masu kauri, da hob ɗinsu, in an ɗora su an huta. Maigidana ya yarda nan take.

Abin da bai yi zato ba shi ne daɗewar aikin. Sabon aksil bai zauna a mazaunin tsohon ba, sai da mai walda ya yanke ya matsar. Farfela, sandar da ke kai ƙarfin inji ga aksil, ta yi tsawo, aka kai a rage ta. Da aka zo sa taya kuma sai ramukan ƙafafun motar suka ƙi haɗuwa da kusoshin sabon hob, aka koma neman wasu ƙafafun. Duk wannan lokaci masararmu na gona a tare, an rufe ta da tamfol, ga ruwan ƙarshen damina ya ƙi ɗaukewa. Kullum da la'asar maigidana zai fita tsakar gida ya tsaya yana kallon gabas. In hadari ya haɗu ko tuwo ba ya iya ci.

Ba ya iya yi wa Yaya magana kai tsaye, saboda surukuta. Ni yake faɗa wa. Zai ce ɗan'uwanki yana aiki kamar mai ɗinkin hula. In na je wurin Yaya, shi kuma ya ce in gaya wa mijina ƙarfe ba ya jin gaggawa. Ba na isar da ko ɗaya. Sai dai in suka haɗu, gaisuwarsu ta riƙa gajarcewa, har na fara jin tsoron ranar da ɗaya zai faɗi abin da ke ransa.

Wata Asabar na dafa shinkafa da wake na shiga bas na kai musu. An yi ruwa da safe, ƙasar garejin ta jiƙe. Na tarar an gama ɗora aksil ɗin gaba. Bayan motar na ɗage a kan jak, an tokare gefe guda da gumagumai, an turo aksil ɗin baya ƙarƙashinta. Mai walda ya ce a bari ƙasa ta sha iska zuwa Litinin. Yaya ya dubi sama, ya dubi maigidana, sannan ya ce yau za a gama. Ya shimfiɗa kwali ya shige ƙarƙashi, ya ce maigidana ya riƙe jak, ya riƙa saukewa kaɗan-kaɗan har sifirin, jerin ƙarafan da ke ɗauke da nauyin mota, ya zauna a kan aksil.

Ina tsugune ina buɗe kwano na ji ƙarar katako. Ba wata babbar ƙara ba ce. Allon da aka sa a ƙarƙashin jak ne ya nutse ta gefe ɗaya ya tsage. Jak ɗin ya zame, motar ta karkato ta zauna.

Yaya bai yi ihu ba, wani irin numfashi kawai ya ja. Na durƙusa na leƙa. Hannunsa na dama na matse tsakanin sifirin da aksil, daga gwiwar hannu zuwa ƙasa, gindin motar kuma ya sauko har ya kusa taɓa ƙirjinsa. Maigidana ya kama ƙafafunsa zai ja.

"Kada ka ja ni," in ji Yaya. Muryarsa a shaƙe take amma kowa ya ji. "Ku dubi gumaguman can."

Muka duba. Na saman ya goce, rabinsa kaɗai ke riƙe da motar, kuma a kan idona ya ƙara matsawa. In ya fita, sauran nauyin duk a ƙirjin Yaya zai sauka. Maigidana ya zagaya da gudu ya sa bayansa a jikin bodin ta wannan gefen, ya kafe ƙafafunsa a taɓo. Mai walda ya jawo wani dogon bututun ƙarfe ya zura a ƙarƙashi, amma shi kaɗai ko motsi bai sa ta yi ba. Na laluba wayata, na rasa ma wa zan kira.

Akwai ɗan masallaci a bakin layin, an idar da azahar ke nan. Ban san lokacin da na isa can ba, ba takalmi, ɗankwalina a hannu. Na ce mota ta danne mutum. Ba wanda ya tambaye ni komai, suka biyo ni a guje, har da wani tsoho mai sayar da goro.

Da suka zo kowa ya kama inda hannunsa ya kai, za su ɗaga lokaci guda. Mai walda ya hana. Ya ce in aka ɗaga nan ba a tokare can ba, juyewa za ta yi. Ya raba su biyu, wasu suka je suka taya maigidana, wasu suka hau bututun. Ni ya ce in kwanta kusa da taya da guntun gungume, da zarar na ga sarari in tura shi ƙarƙashin sifirin.

Na kwanta a cikin taɓo, fuskata kusa da ta Yaya. Gumi na zuba daga goshinsa, leɓɓansa sun yi fari. Ya ce, "Ƙanwata, kada ki sa hannunki a ciki. Da ƙafa za ki tura."

Suka danna bututun. Motar ta yi ƙara ta ɗan ɗago, ta koma. Yaya ya rufe ido. Suka sake, tsohon nan yana ta salati, ni ina kiran sunan Yesu a raina. Wannan karon na ga haske ya ratsa tsakanin ƙarafan biyu, na tura gungumen da diddige iya ƙarfina. Ya shiga. Mutum biyu suka zaro Yaya a kan kwalinsa.

Maigidana bai bar jikin motar ba sai da aka ce masa ya saki, an fitar da shi. Da ya miƙe, rigarsa ta yage a baya, fatar ta saɓule. A tasi muka kai Yaya asibiti. Ƙashin ya karye, amma likita ya ce hannun zai tsira.

Bayan haka maigidana ya ce ko masarar za ta ruɓe duka, shi ya gama da wannan mota. Yaya da ya ji, ya ce in kira masa shi. A gadon asibiti ya gaya masa cewa shi ya ce a yi aikin ranar, ba wanda ya sa shi, kuma ba zai yarda hannunsa ya karye a banza ba. Da aka sallame shi ya sa mai walda ya haɗa matokarai na ƙarfe, aka shimfiɗa fallen ƙarfe mai kauri a ƙarƙashinsu. Ya zauna a benci da hannu rataye a wuya yana faɗar abin da za a yi, maigidana na ƙarƙashi da sifana. Kowane noti sai Yaya ya sa an sake ɗaure shi a gabansa.

Ranar da za a gwada ta na bi su gona. Motar ta ƙara tsawo, tafiyarta ta yi tauri, kowane rami sai na ji shi a ƙugu. A dawowa, da kaya cike, muka iso fadamar. Maigidana ya sa giyar ƙafa huɗu ya shiga a hankali. Dukanmu kunne muka kasa. Tayoyin suka nutse, injin ya yi gurnani, ta ja ta fita.

Masarar da ke ƙasan tarin ta riga ta tsiro, wata ta yi baƙi. Ni da matan maƙwabta muka yi kwanaki muna tsince ta a tsakar gida. Yaya kuwa yatsunsa na ƙarshe ba su ƙara lanƙwasuwa sosai ba. Ya ci gaba da aikinsa, sai dai da hagu ya koma riƙe sifana.