Kwana Uku da Suka Zama Arba'in a Birnin Zazzau

Mun tashi da asuba daga ƙauyenmu na bayan Soba, ni da Inna, a bayan wata a-kori-kura mai ɗauke da buhunan barkono. Inna ce ta zame a bakin rijiya ta karye a cinya, aka ce mu kai ta wurin wani mai ɗori a cikin birni. Duk ramin da motar ta faɗa sai ta yi salati, ni kuwa atishawa na yi ta yi har Tudun Wada.

Mota ba ta shiga lungun mai ɗorin, sai a amalanke aka ƙarasa da ita. Da aka ɗaure ƙafar, aka nuna mana gidan wata Hajiya mai ƙosai da ke ba baƙi hayar ɗaki. Ta ce kwana naira uku, mako sha biyu, wata ashirin da biyar. A lokacin naira ɗaya tana ciyar da mu wuni guda.

Na ce, "Hajiya, ɗakin ai ɗaya ne. Me ya sa na kwana ya fi tsada?"

Ta ce, "'Yata, baƙon kwana ɗaya ni zan yi masa shara, in ɗebo masa ruwa, gobe ya tafi ya bar ni ina jiran wani. Mai wata kuwa da kansa zai nemi tsintsiya."

Na zaɓi na kwana, don na ɗauka kwana uku za mu yi, kuma kuɗin akuyar Inna kaɗai ke hannuna. A rana ta uku mai ɗori ya ce ba inda Inna za ta motsa sai ta yi kwana arba'in. Na san kuɗin ba za su kai ba. Na je na zauna kusa da kaskon Hajiya.

Ba ta ko ɗago kai ba ta ce, "Tun ranar da na ga ƙafar nan na san ba ta kwana uku ba ce. Abin da kika ba ni a kuɗin wata na sa shi. Miƙo min ludayi."

Haka muka zauna. Na koyi surfen wake, na san lungunan da ke ɓullewa kasuwa, na saba da masu ɗinkin babbar riga da ke wuni a zaure suna gardamar ƙwallo. Maƙwabta kan aiko wa Inna tuwon dawa da miyar kuka. Ranar da ta dogara sanda ta taka zuwa ƙofar ɗaki, matan gidan har guɗa suka yi.

Da za mu tafi Hajiya ta rako mu har bakin titi tana share ido da gefen mayafi. Muka iso gida da la'asar, Inna ta sauka daga mota da ƙafarta.

A tafiyar nan na gane cewa wanda ya daɗe a gidan mutane kuɗinsa kan ragu ne don ya daina zama baƙo. Na kwana a masaukai da yawa bayan haka, amma wancan ɗakin ƙasan kaɗai nake kewa.