Baturen da Ke Goyon Kabewa

Kullum da hantsi sai ka gan shi a kasuwar garin Antigua, wani dogon Bature mai jan wuya, yana fama da zani da kabewa. An ce jaririya suka zo ɗauka daga gidan marayu, shi da matarsa, amma alƙali bai sa hannu ba tukuna. Shi ne yake koyon goyo a rumfar Doña Remigia mai kayan miya.

Yana sunkuyawa, harshe a waje, yana ƙoƙarin ƙulla zanen. Kabewar ta suɓuce ta gangara ƙarƙashin tebur.

"Wayyo, ɗan nan, ka kashe 'yar mutane!" in ji Doña Remigia. "Ta kafaɗa ake ɗaurewa!"

Matan kasuwa suna ta dariya, shi kam ko murmushi. Ina jin ya daɗe da kafa gadon yara a ƙasarsu.

Yau goyon ya zauna. Yana layin wainar masara yana jijjiga kabewar, ya manta ana kallonsa. Mai lemo ta ɗaga murya tana talla, sai ya juyo ya ɗora yatsa a leɓe.

Ita kuwa ta yi shiru.