Mai Rushe Ɗakinsa da Hannunsa

A bakin sabuwar hanyar da ƙaramar hukuma ta shata nake ganinsa, ba riga, guduma a hannu, yana rushe ɗakinsa da kansa. Dattijo ne gajere mai faɗin ƙirji, ƙurar siminti ta rufe shi har gira. A jikin bangon ga jan fentin da ma'aikatan tsara gari suka shafa. Kowa ya san ma'anarsa: in ka rushe da hannunka ka tsira da bulo da kwanon rufi, in ka jira katafila ko ƙusa ba za ka tsinta ba.

Amma wannan ba dukan mai son tsira da bulo ba ne. Yana ɗaga gudumar har ƙeya, ya sauke ta da gurnani, bulo ya tarwatse. Jini na bin yatsunsa, ko dubawa ba ya yi. Yadda ya san gaɓar ginin, ina zaton shi ya gina abinsa.

Matarsa na zaune kan kayan da aka fitar. "Malam, bi a hankali mana, ƙofar nan za ta yi mana amfani!"

"A gidan uban wa?" in ji shi, bai ko juyo ba.

Saman ƙofar akwai shuɗin allon lamba, sabo fil, wanda hukumar nan dai ta kafa wa gidan. Ya tsaya yana kallonsa, yana haki. Sai ya tofa yawu a tafi, ya gyara riƙo, ya auna tsakiyar lambar.